Idan kwale-kwale ya kife, me ke wuyan matuƙi da mai jirgi?

Duk lokacin da aka wayi gari da labarin kifewar jirgin ruwa a yankinmu, kusan abu ɗaya ake maimaitawa. A fito da gawarwaki, a yi jana'iza a bakin ruwa, gwamna ya aiko da wakili da buhunan shinkafa da ɗan abin ta'aziyya, a ce Allah ya jiƙansu, kwana ne ya ƙare. Kuma gaskiya ne kwana ya ƙare, babu musulmin da zai ja da wannan. Amma akwai tambayar da mutane ke jin nauyin yi a zaman makoki, kuma bayan an watse ba mai komawa kanta: shi wanda ya tuƙa jirgin, da wanda ya mallake shi, da waɗanda suka tsaya a tasha suna karɓar kuɗi suna cewa a matsa a ƙara mutum biyar, me ke wuyansu a gaban doka da gaban Allah?

Abin ba ƙarami ba ne. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya rabe a tsakiyar ruwa, da mutum sama da 150 a ciki har da babura. Ƙarshen Nuwamban wannan shekarar aka yi na Bagwai a Kano, a ruwan dam ɗin Watari, mutanen Badau za su tsallaka Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu kuma mafi yawansu yara ne 'yan Islamiyya. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka tafi a Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare. A Oktoban 2024 kuma ga na Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa, jirgi ɗaya da mutum wajen 300, galibi mata da yara, shi ma da dare. Idan ka jera su zaka ga abubuwan da ke maimaituwa ba su da yawa, lodi ya wuce kima, tafiyar dare, tsohon jirgin katako, babu rigar kariya ko ɗaya. Kuma kowanne daga cikin waɗannan abubuwa huɗun akwai ɗan Adam ɗin da ya yanke shawarar a yi shi.

Hukumar da ke da alhakin ruwayen cikin gida a Najeriya ita ce NIWA, an kafa ta da doka a 1997, hedikwatarta na Lokoja inda Neja da Binuwai suka haɗu. Ita ke da ikon yi wa jirgi rajista, ta duba lafiyarsa, ta ba matuƙi lasisi. An daɗe ana ja-in-ja tsakaninta da jihar Legas a kan wa ke da iko da ruwa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a Janairun 2024 cewa ikon na gwamnatin tarayya ne. A 2023 aka fitar da sabbin ƙa'idojin sufurin ruwa a gazet ɗin gwamnati, kuma abin da suka ƙunsa wanda ya shafi ɗan fito a Yawuri ko Shagunu a bayyane yake: kar a ɗauki fiye da abin da jirgi zai iya, kowane fasinja da rigar kariya a jikinsa, a rubuta sunayen waɗanda suka shiga kafin a tashi, jirgi ya kasance da rajista, kuma babu tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Shugabannin hukumar sun sha faɗa a bainar jama'a cewa hukuncin karya ƙa'idojin nan zai iya kaiwa ɗaurin shekara 7. Wato tun kafin jirgi ya kife, wanda ya tashi da magariba da lodin da ruwa ke taɓa bakin jirgi ya riga ya yi laifi, ko da ya sauke kowa lafiya.

To idan abin ya riga ya faru fa? A nan ne nake ganin mutane da yawa, har da su matuƙan kansu, ba su san abin da ke kansu ba.

Abu na farko ceto ne, kuma wannan ba alfarma ba ce matuƙi zai yi. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya sa shi a jirginsa ya ɗauki amanar ransa har sai ya taka ƙasa. A dokar Penal Code da jihohin Arewa ke amfani da ita tun 1960, barin abin da doka ta wajabta maka ana lissafa shi kamar aikata laifi da hannu, ba sai ka tura mutum cikin ruwa ba kafin a tuhume ka. Dokar jiragen ruwa ta 2007, wadda ta fi shafar manyan jiragen teku, ita ma ta tafi a kan abin da duk duniyar masu ruwa ta yarda da shi, idan jirage biyu suka yi karo kowanne sai ya tsaya ya taimaki ɗaya matuƙar ba zai jefa nasa mutanen cikin halaka ba, kuma ya bayyana kansa. Malamanmu na Malikiyya ma sun riga kowa zuwa nan, a cikin Mukhtasar na Shehu Khalil an kawo cewa wanda yake da ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya bari, to lamuni, wato alhakin biyan abin da ya halaka, ya hau kansa. Kuma sanannen abu ne a fiƙihu cewa ana yanke salla domin ceto wanda ruwa zai ci. Matuƙi galibi shi ya fi kowa iya ruwa a cikin jirgin nan, ɗan masunta ne ko Basarke da ya tashi a ruwa tun yana yaro, fasinjojinsa kuwa mata ne da goyo da tsofaffi masu zuwa cin kasuwa. Idan ya yi iyo ya fita shi kaɗai ya shige daji, ya bar wajibi mafi girma da ke kansa a wannan ranar.

Na san abin da za a ce, kuma ba ƙarya ba ne, tsoro ne ke sa su gudu. Mutum ya fito daga ruwa ya tarar da dangin mamata a gaɓa hankali a tashe, yana tsoron a far masa, yana tsoron 'yan sanda, yana tsoron a kulle shi babu mai zuwa belinsa. Amma gudun nan yana jawo ɓarna biyu. Ta farko a kan jama'a, domin a jirgin da ba a rubuta sunan kowa ba, matuƙi da yaransa su kaɗai ne za su iya cewa mutum kaza muka ɗauko, daga ƙauye kaza da kaza, kuma a daidai wuri kaza jirgin ya nutse. Shi ya sa zaka ji kwana uku ana nema amma alƙaluma na ta sauyawa, wannan ya ce 60 wancan ya ce 100, masu ninƙaya ba su san lokacin da za su daina nema ba, wata uwa kuma ba za ta taɓa sanin ko ɗanta na cikin jirgin ba. Ta biyu a kan shi kansa, don alƙali idan ya zo auna hukunci yana duba yadda mutum ya yi bayan abin ya faru, wanda ya tsaya ya ciro mutane ya kai kansa caji ofis ba ɗaya yake da wanda sai da aka yi wata ana farautarsa ba. Abin da ya dace ga wanda yake tsoron fushin jama'a shi ne ya nufi gidan mai gari ko Sarkin Ruwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa ya ce ga ni, a tsare shi a can. Kuma yana da haƙƙinsa, tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotun, yana da damar lauya, ba a yarda a doke shi don ya amsa laifi ba.

Sai faɗin gaskiya. Rage adadin fasinja, ko ɓoye jirgin da aka ciro, ko a yi maza a gyara inda ya ruɓe kafin masu bincike su zo, ko a haɗa baki a tasha a ce da la'asar aka tashi alhali bayan isha'i ne, duk waɗannan laifuka ne daban masu zaman kansu, ɓatar da shaida da ba jami'in gwamnati bayanin ƙarya. Akwai kuma hukumar NSIB da dokar 2022 ta faɗaɗa aikinta daga haɗarin jirgin sama kaɗai zuwa na ruwa da na jirgin ƙasa, ita aikinta gano musabbabi ne don kar a sake, ba ita ke kai mutum kurkuku ba, amma ba za ta gano komai ba idan kowa ya rufe bakinsa.

Yanzu hukuncin kisa ɗin kansa, wanda shi ne mutane suka fi tambaya. Babu mai cewa matuƙi ya yi niyyar kashe fasinjojinsa, sau da yawa ma 'yan uwansa ne da surukansa a ciki, wani lokaci shi ma yana cikin mamatan. Don haka ba maganar kisan gilla ake ba. Penal Code ta ware wani nau'i a sashe na 222, wanda ya jawo mutuwar wani ta hanyar ganganci ko sakaci, kuma sashe na 224 ya ce hukuncinsa zai iya kaiwa ɗaurin rai da rai, ko ƙasa da haka, ko tara, ko duka biyun. Wasu jihohi sun sabunta dokarsu lambobin sun canza amma ma'anar na nan. A Kudu inda Criminal Code ke aiki, kisan da ba na niyya ba shi ma yana iya kaiwa rai da rai, kuma sashe na 343 ya ambaci jirgin ruwa da sunansa, wanda ya ɗauki mutane da kuɗi a jirgin da ya lalace ko aka yi masa lodin da ba shi da aminci ɗaurin shekara ɗaya ne ko babu wanda ya mutu. Kuma ka lura da lafazin, ya haɗa da wanda ya sa aka ɗauka, ba wanda ya tuƙa kaɗai ba.

Duk shari'ar tana rataye ne a kan abu ɗaya, shin haɗari ne tsantsa ko sakaci ne. A tafkin Kainji, tun da aka gama dam ɗin a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da garuruwa har da tsohuwar Bussa, kututturan itatuwa na nan a ƙarƙashin ruwa har yau, kuma ruwan na hawa yana sauka, hanyar da ka bi lafiya watan jiya yau tana iya zama tarko. Matuƙin da ya tashi da rana tsaka, da jirgi mai lafiya, da lodi daidai, ya bi hanyar da aka saba, kututture ya fasa masa jirgi, wannan da wuya a ce ya yi sakaci. Amma wanda ya bi ta wannan wurin ƙarfe tara na dare da tocilan, da mutum ninki biyu na abin da jirgin ke ɗauka, ga buhunan hatsi ga babura, to kututturen ba zai zama masa uzuri ba, don da lodin daidai ne da rigunan kariya da hasken rana da yawancin mutanen sun fita.

Abin da ya fi burge ni shi ne wannan rarrabewar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai. A Risala ta Ibn Abi Zaid an ce babu lamuni a kan mai jirgin ruwa, kuma ba shi da kuɗin haya sai ya isar. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka an wanke mai jirgi ke nan. Amma Mukhtasar ya sa sharaɗin, matuƙin da ba ya lamuni shi ne wanda jirginsa ya nutse yana cikin yin abin da ya halatta, abin da masu sana'ar suka san haka ake yi. Da zarar ya ƙetare wannan iyakar to kariyar ta faɗi. Kaga ke nan malaman da suka fi mu imani da ƙaddara ba su ga wani karo tsakanin yarda da ƙaddara da ɗora wa mai sakaci alhaki ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi magana a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure, ba da gangan ba, kuma duk da haka aka ɗora diyya da kaffara. Diyyar raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinare, dangin mai laifi na wajen uba ke haɗa ta a cikin shekara uku, kaffara kuma tunda babu bawan da za a 'yanta azumin wata biyu ne a jere, kuma mafi yawan malamai sun ce kowane rai da tasa kaffarar. Jihohin Kebbi da Neja da Sakkwato da Kano da Zamfara duk suna cikin waɗanda suka dawo da shari'ar Musulunci a ɓangaren laifuka daga shekarar 2000, don haka wannan ba karatun zaure kaɗai ba ne.

A nan akwai wani abu da ke damuna game da yafiya. Magada suna da cikakken haƙƙi su yafe diyya, Alƙur'ani ya ba su wannan, kuma akwai lada. Amma yafiyar da ake yi a zaman makoki, dattawa sun kewaye bazawara ana cewa ki bar wa Allah, ita ko kanta ba ta iya ɗagawa, ba ta ma san tana da wani haƙƙi ba, wannan ba zan kira shi zaɓi ba. Kuma idan akwai marayu ƙanana a cikin magada, rabonsu ba na wani ba ne da zai kyautar. Sannan ko an yafe diyya kaffara na nan, kuma ɓangaren hukuma na nan, don hana a maimaita haƙƙin sauran jama'a ne masu shiga jirgi gobe. A ɓangaren dokar boko ma iyalan mamaci na da damar shigar da ƙarar neman diyya, dokar da ta ba da wannan dama a Arewa ta girmi 'yancin kai, kuma a irin wannan ƙarar mai jirgi yana ɗaukar alhakin sakacin yaron da ya ɗauka aiki.

Wannan ya kawo ni inda na fi so a tsaya. Idan ma an yi kame, wa ake kamawa? Yaron da ke riƙe da inji, wanda ake ba shi ɗan abin da ya samu a ƙarshen yini. Shi bai sayi jirgin ba, ba shi ya ƙi canza katakon da ya ruɓe ba, ba shi ya ƙi sayen riguna ba, kuma idan ya ce lodi ya isa gobe wani za a ba jirgin. Mai jirgi yana gida yana jiran balas. 'Yan kamasho a tasha kuɗinsu na ƙaruwa ne da kowane kan da ya shiga. Shugabannin ƙungiyar masu jirage sun san wane jirgi ne ke shan ruwa, sun san wanda ke tashi da dare. Doka ta san da wanda ya taimaka ko ya sa aka yi laifi, kuma tana hukunta shi kamar wanda ya yi. Idan aka ɗaure yaron aka bar waɗannan, ranar kasuwa mai zuwa jirgi zai tashi da irin lodin nan da wani yaron a baya.

Kuma ba zan ɓoye ɓangaren fasinja ba, don duk wanda ya taɓa tsayawa a mashiga ranar kasuwa ya ga yadda ake yi. Rana na faɗuwa, jirgi ɗaya ya rage, kowa na roƙo dan Allah a taimaka kar ya kwana a nan, wani ma har da faɗa idan aka hana shi. Akwai masu ƙin sa rigar kariya ko an ba su, wai zafi, wai datti, wai ai kwana bai ƙare ba. Ƙa'idojin sun hau kan fasinja shi ma. Sai dai roƙon fasinja ba ya sauke nauyi daga kan matuƙi, kamar yadda direban mota ba zai ce fasinjoji ne suka ce in yi gudu ba, shi ne mai sana'a, shi ya san ruwa, kalmar ƙarshe tasa ce.

Gwamnati ita ma tana da nata, kuma babba ne. Najeriya na da hanyoyin ruwa sama da kilomita 10,000 da suka ratsa jihohi 28, mashigai ba sa ƙirguwa, yawancinsu babu jami'i ko ɗaya da ya taɓa zama a wurin. An kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023, an ɗauki jami'an sa ido a wasu tasoshi, ita da HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke da madatsun samar da wutar lantarki mai ofis a Minna, sun raba rigunan kariya, an kuma sare wasu kututtura. Amma mutumin da ke tsallaken ruwa wanda babu gada babu hanyar mota, ko hanyar na nan amma 'yan bindiga sun tare ta, idan matarsa na naƙuda ƙarfe goma na dare dokar ƙarfe 6 ba za ta hana shi shiga jirgi ba. Ga kuma ruɗanin kotu, tsarin mulki ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin sufuri a kogin Neja da Binuwai da rassansu, tuhumar kisa kuma ta jiha ce, diyya kuma ana iya nemanta a kotun shari'a, talaka a ƙauyen bakin ruwa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, shi ya sa da wuya ka ji shari'ar kifewar jirgi ta kai ƙarshe.

Maganar kuɗin ma dole a faɗe ta. Dinari 1,000 na zinare sau mutum 50, babu ɗan fiton da shi da danginsa kaf za su iya biya ko sun sayar da duk abin da suka mallaka, don haka hukuncin da ba zai yiwu a zartar ba sai ya koma kamar babu shi. Malaman zamani sun yi magana a kan cewa ƙungiyar sana'a ko inshorar Musulunci ta takaful na iya tsayawa a matsayin dangin da ke haɗa diyya, kuma ina ganin nan ne mafita take a aikace. Kowace tasha tana da ƙungiya, kowane lodi ana cire mata kaso. Da za a ware wani abu daga wannan kason a asusun diyya, ƙungiyar da kanta za ta fara hana ruɓaɓɓen jirgi tashi, don ta san idan ya nutse daga aljihunta za a biya. Littafin rubuta sunayen fasinja kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗin Abuja, littafi ne da biro da mutum ɗaya mai iya rubutu ko da ajami ne, a hannun Sarkin Ruwa ko wakilin mai gari, a rubuta sunan jirgi da na matuƙi da na mai shi da adadin mutane da lokacin tashi. Ranar da abu ya faru, wannan shafin shi zai gaya wa masu ceto mutum nawa suke nema, shi zai wanke matuƙin da ya bi ƙa'ida, kuma shi za a ajiye a gaban alƙali a kan wanda bai bi ba.